Inda Injiniya Ya Kulle Ruwan

Litinin 3 ga wata, bayan la'asar

Na sayar. Na sa hannu, an buga hatimi, mai kemis ɗin bakin titi ya zama mai gidan nan, mu kuma baƙi ne zuwa ƙarshen wata. Na rubuta ne don in gani da idona ko zan ji wani abu. Ban ji komai ba sai ciwon ƙafa.

Filin gadon ubana ne, sunana ne a takardar. Wanda yake ganin ban isa ba ya zo ya karanta. Ginin kuwa, ba zan yi ƙarya ba, hannun mijina ne tun daga tushe har rufi. Shi ya sa da na dawo na daɗe a ƙofar falo ban shiga ba. Yana zaune a kekensa na marasa lafiya inda na bar shi, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Na ce, "Injiniya, an gama." Ya dube ni, ya dubi jakata, ya rufe ido. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke, rufe ido ne ya zamar masa tsawa.

Mai gyaran famfo ne. 'Yan unguwa suka sa masa Injiniya don tsokana, ni ma da tsokana na fara, har ya kama bakina.

Talata 4 ga wata, da hantsi

Mai shagon kwana ya ba ni kwalaye, duk warin sabulu suke. Ina shigowa da su maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wadda muke kira Rediyo a bayan idonta. "Malama, ashe da gaske ne?" Na ce da gaske ne, ki yi sauri ki kai labarin kafin wata ta riga ki. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Na ce amin, na ja labule.

Laraba 5 ga wata, da yamma

Mai kemis ya zo duba gidansa. Yaro ne mai ladabi, har takalmi ya cire a ƙofar falon da ya saya. Ya shiga kicin ya murɗa famfo, shiru. Ya shiga banɗaki, shiru. Ya dawo yana sosa ƙeya. "Mama, ruwan fa?"

Dole na yi masa bayani. Injiniya ya ja bututun gidan nan da ragowar aikin mutane ne, guntu-guntu, shekara da shekaru. Babu famfo biyu masu kai iri ɗaya. In kana son na kicin ya kawo da ƙarfi sai ka rufe na banɗaki, kada ka tambaye ni dalili. Kuma akwai babban makulli guda da ke tsare ruwan gidan gaba ɗaya, shi kaɗai ya san inda yake. In zai yi gyara, ko in ya ga muna ɓarna, sai kawai mu ji famfo ya yi tsit, shi kuwa yana ta zagaya tsakar gida yana murmushi. Ranar da ya faɗi, da safe ya kulle shi zai canja wani bututu. Bai kai ga buɗewa ba labarin kama ɗanmu ya iso. Tun ranar famfon bakin ƙofa kaɗai ke kawowa, da bokiti nake shigo da ruwa.

Matar mai gyaran famfo, har na yi furfura a ɗakinsa, ban san inda makullin ruwan gidana yake ba. Ban taɓa tambaya ba. Shi ma ai bai san inda nake ajiye gishiri ba.

Mai kemis ya tsuguna a gaban keken. "Baba, don Allah ina makullin yake? Ko da sanda ka nuna mana." Injiniya ya rufe ido. Yaron ya ce in ba a samu ba sai dai a fasa daɓen gidan a bi bututun. Na ce za a samu.

Alhamis 6 ga wata, bayan azahar

Na je can. Layi a ƙofar gidan yari, rana, sun caccaka abincin da cokali kamar kullum. Yaron ya rame. Ya tambayi babansa, na ce yana gaishe shi. Lauya ya ce yanzu abin zai motsa. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Asabar 8 ga wata, da la'asar

Yaya ya zo, wan mijina, tare da ƙanwarsu Goggon yara. Na kawo ruwa ba su sha ba. Goggo tana ta bin kwalaye da ido kamar za ta ƙirga cokulana.

Yaya ya ce, "Malama, mun ji abin da kika yi. Mutum yana kwance ba baki, kin sayar da guminsa."

Na ce, "Yaya, filina ne. Kuma da na zo gidanka ina neman mafita, ka tuna abin da ka ce min? Ka ce a bar yaron ya ɗanɗana."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce shi ba rigimar gida ta kawo shi ba, wanda aka sayar an sayar. Ƙaninsa ya zo wa. Ranar tashi zai zo da mota ya ɗauke shi, ya gyara masa ɗaki a gidansa. Ni kuma in tafi inda nake so.

Na ce, "Mijina ne."

Ya ce, "Ƙanina ne tun kafin a haife ki. Kuma bai yarda da cinikin nan ba. An ce an tambaye shi makullin ruwa ya ƙi nunawa. Wanda ya yarda a sayar da gidansa, me zai hana shi nuna famfo? Ranar da ya nuna, na san ya yarda, ba ruwana. In bai nuna ba, amsarsa ke nan."

Ashe Rediyo ta kai labarin har can. Duk wannan a gaban Injiniya aka yi, yana kallon fanka.

Lahadi 9 ga wata, da safe

Ba inda za shi.

Talata 11 ga wata, da yamma

Na je na sake duba inda za mu koma. Ɗaki biyu a bayan gidan wata tsohuwa, da ɗan kicin da in kin juya sai kin gaishe da bango. Na auna ƙofar da ɗankwalina, keken zai shiga. Babu dakali a bakin ƙofa, banɗakin a ciki yake. Abin da na duba ke nan, sauran ko a jikina.

Tsohuwar ta tambaya mu nawa ne. Na ce mu biyu. Sai na ce mu uku, ɗaya ya yi tafiya.

Laraba 12 ga wata, da hantsi

Mai kemis ya turo nasa mai gyaran. Ya wuni yana ƙwanƙwasa bango, yana kara kunne, yana ɗaga duk wani murfin siminti da ya gani a tsakar gida. Ya hau ya duba tanki. Can ya sauko yana share gumi ya ce, "Mama, wanda ya ja bututun nan ko dai gwani ne ko kuma yana da aljanu." Na ce duka biyun, ga shi can zaune. Na rantse na ga gefen bakin Injiniya ya motsa.

Da ya gama da ko'ina ya tsaya a ƙofar ɗakin ƙarshe, ya taɓa kwaɗon. "Nan fa?"

Na ce ɗakin kwana ne, babu famfo a ciki. Ya ce ko leƙawa ne. Na ce ba a shiga. Ya dube ni, ya tattara kayansa.

Alhamis 13 ga wata

Na je can. Ba su bar ni na daɗe ba.

Juma'a 14 ga wata, bayan la'asar

Na ɗauki diga da kaina. Na tona gindin tanki, na tona bayan kicin, na tona gefen da nake shanya. Na samu bututu uku, ko wanne ya nufi inda ya ga dama, babu makulli ko ɗaya. Hannuna duk ya yi bororo. Rediyo tana kan katanga tana cewa, "Malama, ki bari maza su yi." Na ce ki turo min su in kin gan su.

Injiniya ya daina karɓar abinci daga hannuna. In na kai cokali sai ya kau da kai. Da hagu yake ci da kansa, rabi a baki rabi a riga. Na bar shi. Ni zan wanke rigar, ba wani ba.

Litinin 17 ga wata, da rana

Dillalai sun kwashe kujerun falo da babban gado. Goggon yara ta zo wai taya ni haɗa kaya, ta nufi akwatin kayan aikin yayanta, wai a kai gidan Yaya tun yanzu tunda can zai zauna. Na zauna a kan akwatin. Haka kawai, na zauna a kai na naɗe hannu.

Ta ce, "Matar yaya, ke ba kya jin kunya? Kin sayar da rufin asirin uba don ki fanso wanda ya kwantar da shi a keke."

Na ce, "Ni na haife shi. Ranar da kika haifi naki ya shiga irin wannan, ki zo ki koya min yadda ake yi."

Na nuna mata ƙofa. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba. Bayan ta fita, na kasa ɗaure kwali guda.

Laraba 19 ga wata, bayan magariba

Na ja tabarma na zauna a gabansa. Na ce, "Injiniya, ni da kai ne yanzu. Ban sayar don in ci ba, ka sani. In ka ƙi nuna makullin nan za su ɗauke ka. So kake su ɗauke ka?" Ya kalle ni har na ga idonsa ya kawo ruwa, sannan ya rufe.

Na ce to rufe. Na tashi na ɗauko bokiti.

Tsoro nake ji. A gaban Yaya bakina ba ya mutuwa, amma tsoro nake ji. In da gaske su yake so fa?

Alhamis 20 ga wata

Ban je ba. Ƙafata ta kumbura. Na aika da abincin.

Asabar 22 ga wata, da hantsi

Yaya ya zo shi kaɗai, da reza da sabulu a leda.  Ya ɗora wa ƙaninsa tawul a wuya ya shiga yi masa aski, yana ba shi labarin yadda suna yara suka fasa tulun kakarsu suka ce akuya ce. Injiniya ya yi dariya. Dariya da murya, irin wadda ban ji ba tun kafin ya faɗi.

Ina kicin ina naɗe kofuna a tsohuwar jarida. Na so in ji haushi, na ji kuwa, amma ba irin wanda nake so ba. Da Yaya mugu ne da abin ya fi min sauƙi. Da zai tafi ya nuna min hoton ɗakin a wayarsa, babba, da taga biyu, har ƙarfen kamawa ya sa a banɗaki. Na ce ya yi kyau, Allah ya kawo mai kwana a ciki.

Litinin 24 ga wata, da safe

Ba inda za shi. Na faɗa na ƙara.

Talata 25 ga wata, da yamma

Gidan ya zama fanko, in na yi tari sai bango ya mayar min. Na cire labule, na cire hotuna, inda suke ya bar fari-fari a jikin fenti. Mai kemis ya kira, cikin ladabi, ya ce ya yi magana da masu fasa daɓe, ranar Litinin za su fara. Na ce gidanka ne.

Na wuce ƙofar ɗakin ƙarshe ban san sau nawa ba yau. Makullin kwaɗon yana cikin jakata. Gobe.

Laraba 26 ga wata

Ba yau ba.

Alhamis 27 ga wata, bayan azahar

Na je can. Lauya ya riga ni faɗa masa zancen gidan. Ya kifa kai a kan teburin yana cewa, "Mama, me ya sa? Mama, me ya sa?" har mai gadin ya juyo. Na ce, "Ɗago kanka. Gidana ne na sayar, ba na wani na sata ba. Ka ci abincin kafin ya huce." Ya ci. Sai da na fito bakin titi na nemi inda zan zauna.

Juma'a 28 ga wata, da la'asar

Zan rubuta wannan a hankali.

Da hantsi na buɗe ɗakin. Ba wanda ya shiga tun ranar. Rigar yaron tana rataye a ƙusa, kofin da ya sha shayi yana kan taga, abin ciki ya bushe ya yi baƙi. Na yi abin da ya kawo ni, na buɗe kwali na shiga zubawa, ban tsaya shinshina komai ba. Na san kaina.

Sai na ji sanda tana dukan ƙasa. Na leƙo. Injiniya ya turo keken da ƙafar hagu, shi kaɗai, tun daga falo har tsakiyar baranda, yana haki. Wata da watanni in na bi da shi ta gefen nan sai ya kau da kai. Yau ƙofar yake kallo.

Na ce, "Shiga za ka yi?" Ya buga sanda.

Na tura shi ciki. Ya dubi rigar, ya daɗe. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba magana ba ce, ban kuma so in sake jin irinsa. Na tsaya a bayansa na riƙe keken. Can ya ɗaga sandar ya nuna ƙarƙashin gadon.

Na ja gadon. Ga wani tayil da ba a liƙe ba, a kusurwa. Na sa wuƙa na ɗaga. Ga rami, ga makullin, jan kai gare shi, ga ƙaramar sifana a ajiye a gefensa.

Sai a lokacin na tuna. Ɗakin nan daga baya aka yi shi, da yaron ya girma ya ce ba zai ƙara kwana a falo ba. Da can tsakar gida ce, ta nan bututu ya shigo. Uban ya gina masa ɗaki a kai ya bar wa kansa rami. Na tone rabin gida, na hana mai gyara shiga ɗaki guda, ashe ni ce na sa wa abin kwaɗo. Shi kuma ana ta cewa ya nuna, ya nuna, ta yaya zai nuna ƙofar da ba ya iya kallo?

Makullin ya ƙi murɗuwa. Na sa sifana na danna da ƙafa. Ya saki.

Na manta duk wanda ya zo gwaji ya bar famfo a buɗe. Gidan ya ɗauki tari da gurnani, sai ruwa ta ko'ina, kicin, banɗaki, tsakar gida, jajawur da tsatsa. Bututun da bai kai ga canjawa ba ya yi tsartuwa har silin. Kwalayen kicin duk sun jiƙe. Ina gudu ina rufewa, zanina sharkaf, ina ihu ni kaɗai, Rediyo tana kan katanga tana salati. Na ce mata, "Je ki faɗa! Ki ce ya nuna!"

Da na dawo ɗakin, Injiniya yana nan inda na bar shi. Ya jawo rigar da sanda, tana kan cinyarsa.

Asabar 29 ga wata, bayan magariba

Motar kaya ta zo da safe, motar Yaya tana bin bayanta. Na buɗe wa Yaya famfon kicin. Ya kalli ruwan, ya kalle ni.

Ya ce, "Na ji ya nuna. Amma famfo daban, mutum daban, Malama. A tambaye shi."

Na ce, "Ba haka muka yi da kai ba, Yaya."

Ya ce, "Na sani. A tambaye shi dai."

Na so in yi masifa, bakina ya cika. Amma gaskiyarsa ce, ni ma ban san amsar ba. Na turo keken bakin ƙofa, na saki, na matsa gefe na naɗe hannu don kada a ce na taɓa shi. 'Yan dako sun tsaya da katifa a ka. Mai kemis yana gefe da makullai, ya rasa inda zai sa idonsa.

Yaya ya durƙusa a gabansa. "Ɗan'uwa, ga motata, ga tasu. Ba wanda zai ji haushinka. Ina za ka?"

Injiniya ya ɗora hannun hagu a kafaɗar wansa, ya daɗe bai ɗauke ba. Na ce shi ke nan. Na fara lissafin yadda zan riƙe fuskata har motar ta sha kwana.

Sai ya ɗauki sandar ya nuna motar kaya. Bai kalle ni ba, ko sau ɗaya.

Yaya da kansa ya ɗaga shi ya sa a gaban motar, ya gyara masa hula. Ya ce min maganin safe kada ya wuce ƙarfe takwas, kamar ni ce baƙuwa. Na ce to, Yaya. Ya ce zai riƙa zuwa aski. Na ce ƙofa a buɗe take.

Ban waiwayi gidan ba. Direba ya ce in duba ko an bar wani abu, na ce ja mu tafi.

Lahadi 30 ga wata, da hantsi

Ɗakin ya cika da kwalaye, da ƙyar keken ke juyawa. Na ajiye shi a bakin taga, ya juya fuska bango. Na gaishe shi da safe ya rufe ido. Na ce shayi, ya rufe ido. Na ce, "Injiniya, har yanzu?" Ya rufe ya ƙara matsewa.

Bai yafe ba. Gidan da ya gina da hannunsa ne, ban ce ya yafe yau ko gobe ba, wataƙila ma ba zai yafe ba. Tsohuwar gidan ta leƙo gaisuwa, ta ja ni gefe tana raɗa, "Maigidan naki kamar fushi yake." Na ce fushi yake, Inna. Ya yi ta yi. A ɗakina yake yin sa.